Ɗan aiken jini da mai yi masa sojan gona: neman kalmar Hausa

'Yan uwa, ina neman shawararku kan wata kalma. An ce in yi wa masuntan garinmu a ƙasar Yawuri bayani kan abin da dattin ruwa ke yi wa kifi, sai na tsaya cak a kan kalmar da Turawa ke cewa homon. Da na furta ta, kawuna da ke zaune yana ɗinkin koma ya ɗago ya ce, "Homa kac ce, yaro?" Shi homa ya sani, wadda ake faɗawa Matan Fada da ita ranar bikin Argungu. Nan na gane aron kalmar ba zai kai mu ba.

Ga abin da nake so in faɗa musu. Jikin kifi, kamar namu, yana da wasu gaɓoɓi masu zuba ɗan sinadari cikin jini, jinin ya kai shi wani sashe, can a ji umarni a bi: girma, ko yin ƙwai, ko tashi neman mace. Wani likitan Ingila, Ernest Starling, shi ya raɗa masa suna a 1905, daga kalmar Girkanci mai nufin zaburarwa.

Wani malamin kimiyya daga Birnin Kebbi ya ce min, "Ai Malam, sinadarin jiki muke cewa a aji." Na ce Allah ya gafarta Malam, gishiri ma sinadarin jiki ne, sukari ma haka, kalmar ta yi faɗi. Wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya ta kawo ruwan jinsi. Wannan kuma ya yi ƙunci, don insulin mai daidaita sukari yana cikin dangin, haka na maƙogwaro wanda ƙarancin aidin ke kai mutum ga maƙoƙo. Manzon jiki ya zo min a rai, na ajiye shi, kalmar manzo tana da nauyin da bai kamata a ɗora wa wannan ba.

Ni dai na fi karkata ga ɗan aiken jini. Ba shi ke yin aikin ba, saƙo yake kaiwa, kuma gidan da ya san shi kaɗai ke buɗe masa ƙofa. Jam'insa ma bai wahalar da baki: 'yan aiken jini.

Abin da ya ƙara min ƙarfi shi ne kalma ta biyu, wadda ita ce ainihin damuwata. Akwai sinadaran da ke shiga ruwa daga magudanan birni, masana'antu da gonaki, su shiga jikin kifi su yi shigar ɗan aiken. A bakin kogunan Mersey da Tees na Ingila, inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na teku, masu bincike a ƙarshen shekarun 1990 sun sami mazan wani faffaɗan kifi mai kwanciya a ƙasan ruwa da sinadarin gwaiduwar ƙwai a jininsu, abin da mace ce ke yin sa. A Mersey har an ga ƙwai cikin marainan wasu. A Kanada kuma, daga 2001 zuwa 2003, an riƙa zuba sinadarin ƙwayar tsarin iyali a wani tafkin gwaji na lardin Ontariyo, nanogiram (kashi ɗaya cikin biliyan na giram) 5 zuwa 6 kacal a kowace lita. Wani ƙaramin kifi na tafkin ya kusa ƙarewa ƙaf. Ba gawa aka riƙa gani ba, haihuwa ce ta tsaya.

Shi ya sa da aka ce min a kira shi guba kawai, ban yarda ba. Guba a kunnen masunci gamalin ce, maganin ƙwarin nan: a zuba, tarwaɗa da karfasa su taso ciki sama, kowa ya gani, Sarkin Ruwa ya ɗauki mataki. Wannan kuwa kifin yana ninƙaya lafiya lau, ka kama shi ka soya ba ka ga komai ba. In ka ce masa guba, zai duba ruwa ya ce babu.

Hausa ta riga ta tanadi sunansa: sojan gona. Mai shigar wani, a buɗe masa ƙofa, ya ba da umarnin ƙarya. Don haka na ce mai sojan gonar ɗan aike, a taƙaice sinadarin sojan gona.

Kada a ce maganar bakin teku ce, ba ruwan Kabi. Gulbin da ya ratsa fadamun shinkafarmu cikin kogin Neja yake zubewa, ya wuce Yawuri, Kainji, Jebba, Lokoja, har ya faɗa Atilantika. Maganin ciyawa irin atarazin, da Tarayyar Turai ta hana tun 2004, wanda ake zargin yana cikin masu sojan gonar nan, an daɗe ana sayar da shi a kasuwanninmu, kuma da idona na ga ana wanke tankin feshi a bakin gulbi, 'yan taku daga inda ake kafa gura.

Na koma wurin kawu na gwada masa. Na ce, "Kawu, akwai ɗan aike cikin jinin kifi, akwai kuma mai yi masa sojan gona ya gaya wa namiji ya yi ƙwai." Ya ajiye komar, ya yi shiru, sannan ya ce, "To wa ka aiko shi cikin ruwanmu?"

Malamanmu na Hausa, musamman na Sakkwato da Gusau, ku duba min abu guda: ɗan aiken jini ya fi zama a baki, ko ɗan aiken jiki?