Jinin cibiya na dashe, ya ake gane ko na uwa ya shiga ciki?

Maman Biyu:
Salam ƴan uwa, ɗana yana da sikila kuma ina da ciki yanzu, likita ya ce in jinin jaririn ya dace za a iya ɗibar jinin cibiyarsa a yi wa yayansa dashen ƙwayoyin da ke samar da jini, amma wai sai an duba ko ƙwayoyin jinina sun gauraya a ciki. To ya ake ganewa, kuma meye illarsa? Wlh abin na damuna.

Ɗan Lab:
Wslm Hajiya, Allah ya sauke ki lafiya. Ƙwayoyin uwa kaɗan suna tsallaka mahaifa tun a ciki, wasu kuma lokacin ɗiba suke shiga jakar da ake tara jinin. Za a ɗebi jininki daban a gwada DNA ɗinsa, wato ƙwayar gado, da na cibiyar, jariri rabi ya gada daga gare ki, to in aka ga alamar wancan rabin da bai gada ba ai an san naki ya shiga. In namiji ne ma ya fi sauƙi, ƙwayoyin namiji alamar XY gare su, na mace XX, to duk XX da aka gani taki ce.

Anti Nas:
Illar da ake tsoro ƙwayoyin garkuwar jikinki su ɗauki jikin yaron da aka yi wa dashen a matsayin baƙo su far masa, fata da hanta da hanji. Amma ki kwantar da hankali, tun 1988 aka fara dashen nan a Faransa.

Maman Biyu:
Na gode sosai. Yanzu na gane dalilin da aka ce ni ma za a ɗebi jinina ranar haihuwa.

Ɗan Lab:
Shi ne, da shi kuma za a duba HIV da ciwon hanta.