"Touchdown": dira za mu ce, ko sha?

Jama'a, ku taya ni neman kalmar Hausa ta "touchdown", wato cin maki a ƙwallon Amurka. Ɗan yayana yana karatu a wata ƙaramar kwaleji a jihar Ohio, kuma tun watan Satumba duk Asabar sai ya turo mana bidiyon wasansu na ƙwallon Amurka, mai kwalkwali da sulken kafaɗa. Kakar ba ta da tsawo, wasa 10 ne zuwa Nuwamba, sannan zagayen kifa-ɗaya-ƙwala ga waɗanda suka yi fice. Makarantun rukuninsu, rukuni na uku a wasannin kwalejojin Amurka, ba sa ɗaukar nauyin karatun kowa don wasa, so ne kawai ke kai yaro fili.

 

To, ran nan muna kallo da Hajiya, wani yaro ya rungume ƙwallo ya sheƙa har ƙarshen fili, alƙali ya ɗaga hannu biyu sama. Ta ce, "Ya ci ne? Ina ragar?" Na buɗe baki, na rasa Hausar da zan ba ta.

"Jefa ƙwallo a raga" dai ta faɗi tun farko, tunda babu raga. Wani malaminmu ya kawo "dira" ko "dangwale", yana bin ma'anar Turancin "touchdown", wato taɓa ƙasa. Malam, da girmanka, ban yarda ba. A wasan zari-ruga ne dole sai an dangwala ƙwallo a ƙasa. A nan kuwa da zarar hancin ƙwallon ya kai layin ƙarshe tana hannun ɗan wasa, an ba da maki 6, ko a tsaye yake ko yana sama. Sunan Turancin ma ya tsufa ya bar dokar, me zai sa mu gaji kuskurensa?

Wata 'yar'uwa ta ce "ƙetare". Ta yi kusa, sai dai kalmar ta yi sanyi, ba ta da ihu a cikinta.

Ni "sha" nake so, ta langa. Duk wanda ya yi langa a dandali ya san ruwa: shi ake karewa, 'yan'uwansa na ture abokan hamayya suna buɗe masa hanya, in ya kai wurin sha a ce ya sha. Ku kalli wasan nan da kyau. Ƙarti biyar a gaba suna bangaje mutane, ɗaya na bin ratar da suka buɗe. Ashe ba ruwa ba ne? Filin ƙarshen nan mai zurfin yadi 10 kuma sai ya zama mashaya.

Na gwada ta a bakin Hajiya. Na ce, "Hajiya, ya sha, maki 6." Ba ta nemi ƙarin bayani ba, sai ta ce a mayar mata baya ta sake gani.

Abin da ya rage mini shi ne bugun nan mai maki 3, wanda ake ratsa ƙwallo tsakanin sanduna biyu. "Bugun sanda" na rubuta, amma kunnena na jin kamar duka ake nufi. Mai wata ya kawo kafin Asabar.