Zangon aiki da hutu: shawarwarin masu rubuta manhaja

Maganar ta taso ne daga kukan wani mai rubuta manhaja: zangon mako biyu ya ƙare yau, gobe an buɗe sabo, babu sararin numfasawa. Haka tsarin Scrum, wato salon raba aikin manhaja zuwa gajerun zanguna, yake, da zarar zango ya rufe wani ke farawa.

Mafi yawan masu rubuta manhajar da suka ba shi amsa sun ce a daina cika zango maƙil. Idan ƙungiya ta saba kammala aiki takwas, kada ta ɗauki goma don faranta wa manaja, domin kurakurai za su ɓullo, wani zai kwanta ciwo. Wannan ce shawarar da ta fi gamsar da ni, kuma ƙa'idojin Agile na 2001, wato jagororin yadda ake gina manhaja, ma sun nemi saurin da za a iya ɗorewa a kansa. An kawo misalin kamfanin da ya ƙirƙiri manhajar Basecamp: mako shida na aiki, mako biyu na sassauci.

Kan tsarin Pomodoro, minti 25 aiki, minti 5 hutu, ra'ayi ya rabu. Wasu sun ce ƙararrawar na katse musu tunani ana tsakiyar farautar kuskure. Su sun gwammace su tashi bayan gwajin manhajar ya yi nasara, su bar layi ɗaya da ke nuna inda suka tsaya.

Gajiya kuwa, a faɗe ta ƙarara a taron bitar zango.