Gyaɗar da ake cewa manta ba ya saurin lalacewa, GMO ce?

Mai Injin Matsa:
Salam 'yan uwa, wani dila ne yake ta min tallar wata gyaɗa wai "mai yawan oleyik", wai manta yana daɗewa bai yi gafi ba. To ni dai tsorona kar a ce GMO ce, wato irin da aka sauya wa ƙwayoyin gado a lab, kuma in ka shuka bana baɗi sai ka sake sayen iri? Masana a taimaka.

Malamin Gona:
Wa alaikumus salam. Ba GMO ba ce ranka ya daɗe. Oleyik wani sinadari ne a cikin man gyaɗa. A 1987 masu bincike a Jami'ar Florida ta Amurka suka gano ta cikin irin da suke da shi, suka sa mata F435, oleyik ɗinta ya kai kashi 80 cikin 100, alhali ta gama-gari kusan rabi ne. Akwai ƙwayoyin gado biyu, FAD2A da FAD2B, aikinsu juya oleyik ya koma wani sinadarin da ake kira linoleyik, shi kuma linoleyik ɗin nan shi iska ke saurin ɓatawa mai ya fara wari. A F435 duk biyun sun daina aiki, shi kenan fa. Barbara aka yi ta yi da hannu har aka fitar da SunOleic 95R a 1995. Indiya ma ta fitar da Girnar 4 da Girnar 5 a 2020 tare da cibiyar binciken noma ta ICRISAT.

Uwar Ƙuli:
To Malam me ya hana a haɗa ta da SAMNUT ɗinmu ta Samaru kawai a huta?

Malamin Gona:
Hajiya ai nan aikin yake, halin ɓoyayye ne, in ɗaya daga cikin iyayen ba shi da ko guda cikin ƙwayoyin gadon nan biyu da suka daina aiki, to a zuriya ta biyu ɗaya cikin 16 ne kacal ke fitowa da shi, kuma ido ba ya ganewa sai an kai lab, sannan a yi ta sake barbararta da tamu shekara da shekaru don kar a rasa juriyar kuturtar gyaɗa, wadda ta gama da gonakin arewa a 1975.

Ɗan Dawanau:
Maganar baɗi kuwa, gyaɗa kanta take yi wa barbara, irin zai tsaya. Matsalar mu ce a kasuwa, buhu ɗaya kala uku. Alhaji ka ce dilan ya faɗi sunan irin ya kawo takardar gwaji, in ya fara kame-kame ka saya a farashin gyaɗa kawai. Kuma ba ta hana fumfuna, shanya da kyau dole ne.