Awaki sun cinye kan itatuwan da na dasa, akwai sauran rai?

Ɗan Adar:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itace, ni da yara muka dasa bedi 12 da mangwaro 4 bayan gida nan Tahoua, duk sun kama har wasu sun kawo mini ƙugu. To shekaranjiya na dawo daga kasuwa na iske awakin maƙwabta sun keta darni sun gwaguye musu kai tas, guda ma an ɓalle shi ɓawon na reto. Wallahi raina ya ɓaci, tun da ruwa ya ɗauke nake jidar ruwa da bido a kan moto. In tuge su in jira damina ne, ko za su sake tashi?

Tsohon Majiya:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya huci zuciyarka. Kar ka tuge ko guda. Sa farce ka ɗan kankare ɓawon daga ƙasa, in ka ga kore da damshi to iccen na nan da ransa. Bedi kuwa ai ba ya mutuwa don an cire mai kai, mu nan wajen Bouza layukan bedin da aka fara dasawa cikin kwarin Majiya tun 1975 don tare iska, da gangan ake sare musu kai a samu itacen rufi da na wuta, kuma su sake toho kamar ba a taɓa su ba. Saiwa ita ce dukiyar, taka ta riga ta yi wata da watanni tana shiga ƙasa, sabon dashe bai kamo ta.

Hadiza ta Yamai:
Gaskiya Baba ya faɗa, amma akwai aiki gabanka malam. Shi ɗan tohon nan na can ƙololuwa shi ke fitar da wani sinadari mai suna oksin wanda ke danne idanun toho da ke ƙasa da shi ya hana su fita, shi ya sa icce ke miƙewa sama sak. Da an cinye kan sai idanun nan su farka gaba ɗaya, ka ga rassa huɗu biyar kowa na son zama sarki, in ka ƙyale su haka za ka samu cunkus ɗin icce gajere mai gwafa wanda iskar farkon damina ke tsagewa biyu. Ka samu wuƙa mai kaifi ka gyara wurin da suka tauna, yanka a karkace ɗan sama da ido mai lafiya, kar ka shafa mai baƙin mai irin yadda wasu ke yi. In tohon sun kai kamar taƙi guda ka zaɓi mafi ƙarfi, ka kafa sanda ka ɗaure shi da tsumma sakwa-sakwa, sauran ka rage su a hankali ba rana ɗaya ba don ganyen su ne ke ciyar da shi.

Mai Garka:
Kun manta da mangwaron. Ɗan Adar in masu aure ne, wato an haɗa reshen iri mai kyau a kan wata uwa, duba wurin haɗin, wani ɗan kumburi ne kusa da ƙasa. Tohon da ya fito sama da shi shi ne naka, wanda ya fito ƙasa da shi na uwar ne, cire shi. Ni na yi wannan kuskuren, shekara 5 ina ban ruwa ƙarshe ya haifo mini 'yan ƙanana masu zare.

Ɗan Adar:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na kankara, bedi 11 kore ne, guda dai ya bushe. Mangwaro biyu an cinye su har ƙasan haɗin.

Mai Garka:
Waɗannan biyun bar su su yi kauri kamar ɗan yatsa sai a sake musu aure. Amma fa kafin komai ka tafi ka saro ƙaya ka kewaye kowanne yau ɗin nan, akuyar da ta ɗanɗana gobe da safe tana nan dawowa da 'yan uwanta.