Ruwan nan mai jan mutum cikin teku, ya ake gane shi tun daga gaɓa?

Baban_Yara:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka san teku ku taimaka min. In Allah ya yarda a watan Yuli zan je tsibirin Phuket na ƙasar Tailan da iyali, otal ɗin da muka kama yana kusa da gaɓar Karon. Ina ta kallon hotuna ruwa shuɗi kwance gwanin sha'awa, sai jiya na ci karo da wani bidiyo, mutum na tsaye ruwa iya ƙirjinsa, kafin ka ce kwabo ya yi nisa yana ta ɗaga hannu, kuma wallahi ruwan wajen ba wani hauka yake ba, lumui yake. Tun jiyan hankalina bai kwanta ba. Na iya iyo amma a wurin ninkaya na otal na koya, babban yarona shekararsa 11 kuma in ya ga ruwa ba ya jin kira. Mene ne ke jan mutum haka, kuma ana iya ganinsa da ido?

Mai_Ninkaya:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa, gara da ka tambaya tun yanzu. Kowace igiyar ruwa da ta fashe tana turo ruwa gaɓa ne, to ruwan nan dole ya koma, sai ya nemi inda tudun yashin ƙasa ya tsage ko gefen dutse ko gefen gadar jirage, ya matsu a wajen ya fice da gudu kamar magudana bayan ruwan sama. Yawanci gudunsa wajen rabin mita ne a daƙiƙa, amma yakan kai mita 2.5, wanda ko gwanin Olamfik ba ya iyo da wannan saurin. Ƙungiyar masu ceto ta Amurka ta ce sama da kashi 80 cikin 100 na mutanen da suke cetowa a gaɓoɓi masu igiya wannan ruwan ne sanadi.

Abin da ke yaudarar mutane kuwa shi ne abin da ka gani, wajen ya fi ko'ina kwanciya. Igiya na fashewa fari fat dama da hagu, tsakiya kuma ga wani layi mai duhu shiru, sai uba ya ce yauwa yara ku shiga nan babu igiya, alhali nan ne bakin hanyar. Ka samu waje mai ɗan tudu ka tsaya minti biyar zuwa goma kana kallo kawai, ka lura da inda kumfa ko ciyawar teku ke tafiya ciki maimakon fitowa, ko inda ruwan ya gurɓace da yashi ya miƙe kamar harshe.

Sannan maganar gaskiya lokacin da ka zaɓa ba mai sauƙi ba ne. Daga Mayu zuwa Oktoba iskar damina ke bugo yammacin Phuket daga kudu maso yamma, su Karon da Kata da Patong duk can suke fuskanta. In ka ga jar tutar da masu ceto ke kafawa don nuna haɗari, ko ƙafa kar yaro ya sa.

Uwar_Biyu:
Malam ni ya taɓa kama ni, a tsibirin Bali na Indunisiya, har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Rana ce tas babu hadari babu iska, ina tsaye sai na ji yashin ƙarƙashin ƙafata yana zarewa, na ɗaga ƙafa ɗaya in gyara tsayuwa shi ke nan ban sake taka ƙasa ba. Na juya na fuskanci gaɓa ina ta bugun ruwa iya ƙarfina, ina kallon lemar da muka ajiye kayanmu tana ƙara ƙanƙancewa, hannuwana suka mutu, na sha ruwan gishiri har maƙogwarona na zafi. Wani mai allon hawan igiya ne ya iso ya ce in riƙe allon in daina komai, ya ja ni ta gefe, ba mu yi wata tafiya ba na ji jan ya sake ni.

Abin da nake so ka faɗa wa yaronka tun a gida: ruwan nan ba ya danna mutum ƙasa, waje yake kai shi, gajiya da firgici ne ke kisa. Ya kwanta da bayansa ya yi numfashi, ya ɗaga hannu ɗaya ya yi ihu, in da sauran ƙarfi ya yi iyo ta gefe daidai da layin gaɓa har ya fita daga cikinsa sannan igiya ta taya shi dawowa. Kai kuma Allah ya kiyaye in ka ga ya ja shi kar ka faɗa hannu rabbana, ka kira mai ceto, ka ɗauki duk abin da ke yawo a kan ruwa. Iyaye da yawa a wajen ceton 'ya'yansu suke tafiya.

Ɗan_Jirgi:
Allah ya ƙara kiyayewa hajiya. Ranar tas ɗin nan da kika ce ita ce ke rikita baƙi, guguwa za ta tashi dubban kilomita can tsakiyar tekun Indiya, bayan kwanaki igiyarta ta iso ba tare da gajimare ko ɗaya ba. In kana duba hasashen igiya a waya kar ka tsaya kan tsayinta kaɗai, duba tazarar lokacin da ke tsakanin igiya da igiya, in ta kai daƙiƙa 12 zuwa sama ruwan da kowace ke ɗauko wa da yawa ne. Haka guguwar nesa ke yi wa arewacin tsibirin Oahu a Hawai ta Amurka, lokacin zafi kwance, lokacin hunturu kuma igiya kamar bene.

Tsibiran da murjani (wato wasu duwatsu masu tsirowa a ƙarƙashin ruwa kamar katanga) ya zagaye ma mutane na ɗauka sun tsira. Igiya na tsallako murjanin ta cika tafkin ciki, ruwan kuma ta ƙofa ɗaya ko biyu zai fita, lokacin da teku ke janyewa ƙofar nan kogi ce sosai. Mai iyo da tabarau na ruwa a fuska yana bin kifi kansa a ƙasa bai san ya kusanto ta ba. Kwanakin tsayuwar wata da cikarsa janyewar ta fi ƙarfi.

Baban_Yara:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya labarinki ya taɓa ni, yau da dare zan zaunar da yaron. Tambaya ɗaya ta rage, in babu jar tuta a ina ya kamata mu tsaya?

Mai_Ninkaya:
Tsakanin tutoci biyu masu ja da rawaya, nan ne masu ceto suka duba kuma idonsu na kai. Kullum da safe ka je ka gaishe su ka tambayi yadda ruwan ya kwana, don yashin ƙasa na sauya wuri, inda kuka yi wanka jiya lafiya yau yana iya zama hanya. Yara su sa rigar ceto ta gaske ba balan-balan ɗin hannu ba, ruwa kar ya wuce ƙugunsu, kai kuma kana kusa yadda hannunka zai kai gare su. In masu ceto sun tashi da yamma ku ma ku tashi.