"Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya": to wane ne mai kayan?

Ɗan Ringim: Salamu alaikum jama'a. Jiya bayan sallar Juma'a rigima ta kusa kaurewa a majalisarmu. Liman ya yi huɗuba kan amana, ya kawo zancen tsofaffin masu muƙami da ake ta kamawa, ya rufe da cewa rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Muna fitowa wani dattijo ya ce Liman ya ɗora karin maganar inda ba wurinta ba, domin wanda ya yi kamun ba shi ne mai kaya ba, abokin rabo ne da aka ɓata da shi. Wani ya ce ai ko wa ya kama, an dai kama. Har aka fara nuna wa juna yatsa. Malamai, ina gaskiya?

Malam na Gezawa: Wa alaikumus salam. Liman bai yi kuskure ba. Mai kaya a nan Allah ne, Shi yake jinkirta wa azzalumi, ran da Ya damƙe shi babu kuɓuta. Kuma Yakan hukunta azzalumi da hannun wani azzalumin. Niyyar mai kamun tsakaninsa da Ubangijinsa.

Mai Taki: Allah gafarta Malam, to mu da aka sace wa kuɗin asibiti da na taki fa? Ko 'yan rakiya ne mu?

Malam na Gezawa: Ku 'yan amanar kayan ne, Alhaji. Kai ma ka duba buhunan da kake sayar mana, ko awonsu ya cika.

Tsohon Hedimasta: Ku bar wasa. Abin da dattijon nan ya hango yana da tushe. Sashe na 308 na tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa da gwamna da mataimakansu rigar kariya, ba a gurfanar da su suna kan kujera. Saboda haka ranakun ɓarawon ma doka ce ta ƙirga masa su, shekara huɗu ko takwas. Sai ya sauka EFCC, hukumar yaƙi da cin hanci, ta tuna da shi, ita kuwa shugaban ƙasa ne ke naɗa shugabanta tun da aka kafa ta a 2003. Mu a Jigawa mun gani da idonmu. Gwamnan da ya sauka a 2007, a shekarar aka gurfanar da shi kan tuhumar naira biliyan 36, aka yi ta jan shari'a har aka sake kama shi a Abuja a 2017. Wanda ya gaje shi ya sauka ƙarshen Mayun 2015, jam'iyyarsa ta faɗi zaɓe, kafin azumin shekarar ya ƙare yana tsare a Kano shi da 'ya'yansa. Ban ce sun ci ba, ban ce ba su ci ba, wannan aikin alƙali ne. Lokacin kamun kawai nake nuna muku.

Bazazzagi a Wudil: Hedimasta, ba kullum ba. Joshua Dariye na Filato sanata ne na jam'iyya mai mulki lokacin da kotu ta ɗaure shi shekara 14 a 2018. A shekarar aka ɗaure Jolly Nyame na Taraba shi ma.

Tsohon Hedimasta: Ƙarasa mana. A Afrilun 2022 aka yi musu afuwa su biyun. Haka aka yi wa Alamieyeseigha na Bayelsa a 2013. Ranar mai kayan ma ba a bari ta kai la'asar ba.

Mai Taki: Wa ya tambayi Bazazzagi? Ka zo cin arziki kasuwar shanu, ka ci ka yi shiru, bawan Kanawa.

Jikar Inna: Yayyena ku ba ni wuri, wannan karin maganar na fara jin ta ne a bakin kakata, Allah Ya ji ƙanta, kuma da dariya take faɗinta. Zamanin En'e ne, kafin 'yancin kai, tana amarya a wani ƙauye a ƙasar Haɗeja. Dagacinsu idan lokacin haraji ya zo sai ya karɓa sau biyu, na Bature daban, na gaisuwa daban. Wata shekara kakanmu ya biya, ba a ba shi takarda ba, bayan kaka yaran dagaci suka dawo wai bai biya ba. Babu kuɗi a gidan, suka kwance akuyar Inna, wadda uwarta ta ba ta ta zo da ita gidan miji. Jar akuya, da ciki. Ta ce ta bi su har bakin zaure tana kuka, ba lulluɓi.

Shekaru suka wuce ba wanda ya ce wa dagaci kanzil. Sai 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU suka zo garin, ya bar su suka yi lacca a ƙarƙashin tsamiyar kasuwa, wai har ya aika musu da fura. Ba a yi wata guda ba sai ga malaman kuɗi daga wurin hakimi da manyan littattafai. Suka ƙirga, kuɗin haraji bai cika ba. Kuma da gaske bai cika ba, Inna ta ce kowa ya sani, har awakin garin sun sani. 'Yan doka suka warware masa rawani a gaban jama'a, suka tasa shi gaba. Mata suka yi ta guɗa ta kan katanga, ita ce kan gaba, tana ta cewa rana ɗaya ta mai kaya.

Aka naɗa sabo, ƙanen matar hakimi. Da harajin baɗi ya zo, tunkiya da ɗanta ya sa aka kwance a gidan. A nan take fashewa da dariya, ta ce "ni dai na yi guɗa, amma akuyata tana garken hakimi tana haihuwa."

Ɗan Ringim: Yaya, ke nan Inna tana bayan dattijonmu.

Jikar Inna: Tsaya, ban gama ba. Da tsohon dagacin ya fito daga gidan yari ya dawo garin, ya rame, matansa biyu sun tafi, Inna ce take aika masa tuwo da daddare. Na ce Inna, mutumin da ya ci akuyarki? Ta ce ba don akuya aka ɗaure shi ba, ita har yanzu tana bin sa, sai a gaban Allah, amma yunwa daban bashi daban. Ni dai ban taɓa gane ko ta yafe ba ne ko ajiye shi take yi da rai don kada bashin ya mutu.

Malam na Gezawa: Allah Ya gafarta wa Inna, ta fi mu fiƙihu.

Mai Taki: Akuya mai ciki tun kafin 1960, a lissafa haihuwa biyu a shekara. Jikar Inna, ke ce mai kuɗin zauren nan, ki kai ƙara hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe.

Tsohon Hedimasta: Ba ƙananan dagatai kaɗai ba. Binciken kuɗin En'e ta Kano da Bature Muffett ya yi shi ya kai ga murabus ɗin Sarki Sanusi na ɗaya a 1963, aka kai shi Azare, kuma har gobe dattawa na gardama ko lissafi ne ya kayar da shi ko saɓaninsa da Sardauna.

Bazazzagi a Wudil: Hedimasta, don Allah kada a taɓo sarautar Kano, a nan nake kwana.

Mai Taki: Ni gwarzona marigayi Sabo Bakin Zuwo. Wata uku ya yi yana gwamnan Kano a 1983, soja suka zo, aka ce an sami maƙudan kuɗi a wurinsa, ake ba da labari wai ya ce kuɗin gwamnati a gidan gwamnati, ina laifi? Shi da tsohon gwamna Abubakar Rimi duka soja suka ɗaure. Na yanzu kuwa ana aiko takardar gayyata sai ciwon baya ya tashi, a shigo kotu a keken guragu. A ba da beli, sati mai zuwa ka gan shi yana rawa a taron sauya sheƙa da sabuwar hula.

Ɗan Ringim: Ai wani shugaban jam'iyya ya faɗa a bainar jama'a a 2019, wanda ya shigo cikinsu an yafe zunubansa.

Malam na Gezawa: A'uzu billahi. Har da gafara suke rabawa yanzu?

Jikar Inna: Amma Baba Hedimasta, in aka ce kowane kamu siyasa ne, ba ɓarawon da za a taɓa ke nan. Kowa aka kama sai ya ce bi-ta-da-ƙulli.

Tsohon Hedimasta: 'Yata, a kama, ban hana ba. A gama shari'a cikin lokaci, a faɗa mana nawa aka ƙwato, a nuna mana rijiyar da aka haƙa da shi. Ni na fi ganin "in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta" ta dace da masu kamun na yau.

Bazazzagi a Wudil: Su da suke aske gemun tun kafin rantsuwa?

Mai Taki: Jikar Inna, tambaya ta ƙarshe, tunkiyar fa, ita ma da ciki? Kuma wa zai shiga Maigatari ranar Alhamis, ina da saƙo.